Iskar Magariba a Gindin Tsamiya

A daminar farko bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, wata Laraba da hantsi, na farka a kan tabarmar Inna jikina sharkaf da gumi, na tarar da ita da kakata zaune a kaina. Zazzaɓi ne ya kwana biyu yana jijjiga ni, sai ranar ya fara sakina. Ɗakin ya cika da hayaƙin wani turare mai yaji da ban san shi a gidanmu ba. Kaka, uwar Baba, wadda ba ta taɓa ganina ta ƙyale ni ba tare da ta ce mini "maigidana marowaci" ba, ta kafa mini ido kamar yau ta fara ganina. Inna kuwa, da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana ko da wasa, sai dai "yaron ga". Ranar sai ta sunkuyo ta ce, "Nasiru, ka gane ni?" Jin sunana a bakinta ya fi zazzaɓin kansa tsorata ni, domin na san ba ƙaramin abu ne zai sa ta ajiye kunya ba.

Ashe cikin zafin ciwon na yi ta sambatu, kuma sambatun ba da harshen mutanenmu ba ne. Kaka ta yi zama da Fulani, ta ci kasuwar Jega da Zabarmawa da Dakarkari, kunnenta kuma ya san Larabci ko da ba ta jin ma'anarsa. Ta ce duk ba ko ɗaya. Wai murya na canza, na yi ta maimaita wasu kalmomi a tsanake kamar babban mutum yana yi wa taro jawabi.

Ni na san inda na samo su. Garinmu Danwarai garin albasa ne, kamar sauran ƙauyukan Aliero. Idan an cire ta da bazara akan jera ta a rudu, wato rumfar kara mai gado a ciki da ake ɗagawa sama da ƙasa don iska ta riƙa ratsa ta, a jira ta yi daraja. Namu rudun yana bayan gari, kusa da wata tsohuwar tsamiya. Aikina ne in an tashi daga makaranta, na ɗebo wa Inna ruwa, na yi wa tumaki ciyawa, in tafi can da la'asar in tsince waɗanda suka fara ruɓewa kada su shafi sauran, in kori awakin mutane, in zauna har Baba ya aiko a kira ni ko duhu ya koro ni. Tsarana suna can dandali suna langa, ni ina zaune cikin warin albasa. Kawu Sanda, ƙanen Inna, mai bin motocin albasa zuwa Kurmi da Kwatano, shi ya tausaya mini ya bar mini wata tsohuwar rediyonsa. Gajeren zangonta, inda manya ke kamo labaran duniya da Hausa, ya daɗe da mutuwa. Matsakaicin zango kaɗai ya rage, shi ma da rana ba ya kawo komai sai tashar gida da shuuu. Kowa a gidan ya san ta da haka, har Baba kan kira ta kurmar rediyo.

Kafin ya tafi Kawu ya nuna mini sirrinta. Ya warware wayar jan ƙarfe daga wani ƙonannen injin ban-ruwa, ya ɗaura dutse a bakinta ya wurga ta bisa reshen tsamiya, ɗaya bakin ya nannaɗe shi a jikin rediyon. Ya ce in jira rana ta faɗi, in riƙa murɗa allurar neman tasha a hankali kamar mai zare ƙaya, in kuma riƙa juya akwatin kansa gabas da arewa har murya ta fito. Da na tambaye shi yadda ake yi magana ta ƙetaro teku da hamada ba a gan ta ba, sai ya ce, "Iska ka ɗauko su. In rana ta hwaɗi hanya ka buɗewa."

Ba zan manta yammacin farko ba. Inda da rana babu komai, sai ga muryoyi sun cika wurin kamar kasuwa ta ci. Larabawa iri-iri, wani na karatu, wata na waƙa da kukan goge a bayanta; masu Faransanci suna magana ta hanci; wasu kuma ban san ko su wane ne ba. Murya takan taso a hankali har ka ji numfashin mai ita, sannan ta nutse wata ta hau kanta. Na shanya tsofaffin batura a rana bisa rufin rudu don su ƙara kwana, na yi wa gilashin rediyon zane da ƙusa a duk inda na taɓa kama wani. A makaranta nakan tsaya gaban taswirar da ke manne a bangon ajinmu, wadda gara ta cinye mata kudancin duniya, ina ta kintacen daga ina kowa yake. Akwai wani mutum can kusa da ƙarshen gilashin mai kauri da sanyin murya, kullum da abu ɗaya yake farawa: "Kalisfera sas, kiriyes ke kiri." Na haddace shi kamar karatun allo, ina yi wa tumaki. Sai bayan na girma, fataucin fata da riɗi ya kai ni wata tashar jiragen ruwa a ƙasar Girka, na ji mai shayi ya tare ni da irin maganar nan, na gane barka da yamma ce kawai mutumin rediyon yake yi wa mata da maza. Na ajiye kofin na yi ta dariya har mutumin ya tsargu. A Danwarai kuwa ba wanda ya yi dariya.

Kaka ce ta yi mini tambayoyin, Baba na tsaye a bakin ƙofa. "Wane halshe na kay yi jiya?" Na ce ban san sunansa ba. "Ina kaj ji shi?" Na ce a gindin tsamiya. Ta dubi Inna. "Yaushe?" Na ce da magariba, in rana ta faɗi hanya ta buɗe. "Wa ka kawo ma su?" Ni kuwa da zuciya ɗaya na ba ta amsar Kawu, na ce iska. Inna ta ɗora hannu a ka. A lokacin ne na ji abin da bakina ya faɗa. A wurinmu iska ba wadda ke kaɗa ganye ce kaɗai ba. In an ce iska ta taɓa mutum, mutanen ɓoye ake nufi. Tsamiya gidansu ce, magariba lokacin fitowarsu ne, shi ya sa ake kora yara ɗaki a rufe ƙwarya. Wanda suka hau kansa kuma, kowa ya sani, yakan yi harshen da bai taɓa koya ba. Na haɗa musu alamomin duka a jere, da bakina.

Na yi ta rantsuwa cewa a rediyo ne. Baba ya aika aka ɗauko ta, ya kunna a tsakar gida rana tsaka, ya murɗa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tashar gida tana sanarwar taki, sauran duk shuuu. Na ce sai da waya, sai kuma da magariba. Ina faɗa ina ganin fuskokinsu suna ƙara lalacewa, domin ga yaro yana cewa yana jin mutane a cikin akwatin da kowa ya san ba kowa a ciki. Kawu Sanda da zai fitar da ni yana can Kurmi, ba a san ranar dawowarsa ba.

Kafin la'asar an yanke shawara: jibi da sassafe za a kai ni wurin wani mai maganin iskoki a can cikin dajin Andarai, ƙasar Maiyama. Na san wurin ko da ban taɓa zuwa ba, saboda Labbo ɗan maƙwabtanmu. Shi ma can aka kai shi yana saurayi mai surutu da dariya. Ya dawo bayan kaka da tabon marin ƙarfe a idon sawu, idanunsa ja saboda hayaƙin barkono, ya zauna a zauren gidansu yana kallon ƙasa, har na bar garin ban ƙara jin muryarsa ba. Duk sanda na rufe ido tabon nan nake gani. Abin da ya fi muni shi ne ni ma na fara shakkar kaina. Ban taɓa sauraro da kowa ba tun tafiyar Kawu. Wa zai shaida cewa muryoyin daga akwatin suke fitowa? In kuwa daga reshen tsamiyar suke saukowa ta wayar fa? Na tuna yadda gashin jikina kan tashi in mutumin nan ya fara magana, na tuna Kawu bai ce mini wace iska yake nufi ba.

Washegari na sami Baba yana gyaran amalanken da za a ɗora ni, na durƙusa na riƙe ƙafarsa. Na ce ya raka ni sau ɗaya tak, in bai ji komai ba na yarda a kai ni. Kaka ta ce ba mai kai mata jika gindin tsamiya da magariba tana raye. Baba bai taɓa musa mata ba a gabana, ranar ma bai musa ba. Ya dai jira ta shiga alwala ya ce in ɗauko akwatin.

Muka yi salla a gefen rudu, hadari yana haɗuwa a gabas. Na nannaɗa wayar, na kai allurar kan zanen da na yi wa mutumin. Babu shi. Duk walƙiyar da aka yi sai rediyon ta yi ƙara kamar an yaga sabon ƙyalle, tsakanin wannan da wancan kuma ba komai sai shuuu. Na juya akwatin gabas, na juya arewa, na koma wurin Larabawa, su ma shiru. Yanzu na san hadarin damina haka yake yi wa matsakaicin zango, amma a lokacin gani na yi sun ɓuya ne saboda na zo da baƙo, kamar yadda aka ce suna yi. Jemagu suka fara fita daga tsamiyar. Na waiga na hangi Kaka tsaye can nesa a bakin gona da carbi, ta biyo mu amma ta kasa matsowa. Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Tashi mu tahi, ruwa na zuwa." Ban tashi ba. Na kifa goshina a kan akwatin ina kuka, yatsana yana kan allurar.

A ƙarƙashin ƙarar na fara jin wani abu kamar kiɗa a cikin rijiya. Ya taso, ya nutse, ya sake tasowa. Ban ɗago ba, don tsoron kada ya zamana ni kaɗai nake ji. Sai na ji takun Baba ya tsaya. Kiɗan ya yanke, muryar nan mai kauri ta fito sarai kamar yana zaune a kan buhu kusa da mu, ya yi gaisuwarsa, kalma bayan kalma yadda na yi ta a kan tabarmar Inna. Baba ya tsuguna a hankali. Ya kara kunne a jikin rediyon, ya janye, ya bi wayar da ido har sama, ya sa hannu ya rage murya ya ƙara, ya ga tana bin hannunsa. Sannan ya ɗaga murya ya kira uwarsa.

Ta matso taku kaɗan ta tsaya, ta saurara bakinta na motsi. Ta ce, "To ai ga iskar nan, ta shiga akwati." Baba ya ce, "Inna, ni ma na ji shi, ke ma kin ji. In iska ta, sai a gyara amalanke babba, mu ukku za a kai." Ruwa ya fara sauka manya-manya a kan karan rudu. Kaka ta ja mayafinta ta juya, ta ce a dai cire wayar nan daga tsamiya tun mutanen wurin ba su gaji da mu ba. Da safe Baba ya ɗora wa amalanken albasa ya nufi Aliero, ni kuma na tafi makaranta.

Daga baya na zauna a Alƙahira da Kasabalanka, na ga yadda yara a can ke tashi da harsuna biyu uku ba wanda ya ɗaga kai. Ko a Danwarai yau jikokin tsarana suna kwance a ɗaki suna kallon mutanen kowace ƙasa a tafin hannu, yaro ya kwaikwayi Bahindiye ko Bature uwarsa ta yi dariya ta ci gaba da tankaɗe. Na gode Allah da ba za a ƙara gyara wa yaro amalanke saboda gaisuwar baƙi ba. Amma na gwada kunna matsakaicin zango da na je gida bara, na tarar yawancin tashoshin nan sun rufe, ƙarar janareto da fitilu ta cinye sauran. Na zauna har aka kira isha ina murɗawa. Duniya ta matso kusa ƙwarai, har ba wanda ke kasa kunne ya jira ta.