Kwalliyar da Ta Kashe Jar Motar Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, dillalin albasa ne a kasuwar Malanville, kuma ban san wanda ya taɓa cutarsa a ciniki ba sai shi kansa. Shekarar da albasa ta yi tsada ya sauka Kotonu sayen kamiyo, babbar motar kaya, ya dawo da wata jar mota ƙirar Italiya mai kujera biyu, cikinta na shafar ƙasa. Ko buhu ɗaya ba ta ɗauka.

Ba ta ga damina ba tudun rage gudu na hanyar Guéné ya farke mata ciki. Makanikan gari suka leƙa injin, suka ce ba su san irinsa ba. Aka tura ta ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, ta shekara da shekaru kaji na ƙwai a kujerar direba. A kasuwa kuwa duk wanda ya yi sayen banza sai a ce ya sayi motar Alhaji. Wannan maganar ta fi asarar cin ran Kawu.

Ana nan sai wani mutumin Kotonu, mai sayen tsofaffin motoci yana farfaɗo da su, ya ga hotonta a waya. Ya kira ya ce yana so, a bar ta yadda take, zai zo da motar ɗauka. Kawu ya bi rumfa rumfa yana shelar cewa motar da ake yi wa dariya za ta bar garin nan da darajarta, a gaban idon kowa.

Shi “a bar ta yadda take” ya ɗauka kara ce kawai. Mutumin da ya tsufa yana ɓare ruɓaɓɓen ɓawo yana jera manyan albasa a bakin buhu ba zai nuna wa mai saye kaya da datti ba. Na ce masa, “Kawu, tsufan nata fa yake so.”

Ya harare ni ya ce, “Kai mi kas sani ga ciniki? Wa ka sayen tsatsa?”

Ya kira mai walda da mai fenti. Suka kankare jan asali, suka shafa mata fentin ƙofar gida. Kujerun fata da suka tsattsage aka cire aka ƙone, aka sa soso da leda mai furanni. Sitiyarin katako ya tafi murhu, agogunan gaba da suka tsaya aka cusa rediyo a gurbinsu. Mai fentin ya ƙara da kyauta, ya rubuta mata a baya: Mahassada ku huta.

Ranar da mutumin ya iso Kawu ya shimfiɗa tabarmi, ya sa a dafa shayi, rabin ’yan albasa sun zo kallo. Baƙon ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya ɗora hannu a ka. Ya tambaya ina kujerun, aka nuna masa toka. Ko tayi bai yi ba. Ya sha shayinsa don ladabi, ya koma da motar ɗaukarsa wayam. Ba wanda ya yi dariya a wurin, sun ajiye ta sai sun koma rumfa.

Daga baya masu sayen tsohon ƙarfe daga Gaya suka zo da guduma da sikeli. Na yi dariyar motar nan tun ina ƙarami, amma ranar tausayin Kawu ya kama ni. Bai yi ciniki ba, shi da ke jayayya a kan dala guda. Da aka gama loda tarkacen a amalanken jaki, ya matsa kusa da mai jakin, ya sassauta murya ya ce, “Don Allah, ɗana, ka bi ta bayan gari. Kak ka ratsa kasuwa.”