Malamar Lesin da ke Sallamar Ɗalibanta

Da zarar rana ta karya, zafi ya fara sauka, za ka ga Malama ta fito da tsintsiya ta nufi ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu. Asalinsa ɗakin ajiyar katako ne na maigidanta, wanda kafinta ne, shi ya sa har yau in hadari ya haɗo sai ka ji ƙamshin katako na tashi a ciki. Za ta share, ta goge allon da ya tsage a kusurwa, ta kunna tsohuwar fankar nan mai ƙara fiye da iska, ta sauko da gwangwanin murafun kwalba da take koya wa yara rabawa da su. Kafin ta gama, yara sun fara shigowa da kayan makaranta a jikinsu, wani da takalmi a hannu, wani yana hamma. Haka take tun ba ta da furfura ko ɗaya. Da safe tana makarantar gwamnati, da yamma tana wannan ɗaki, da ta yi ritaya kuma sai ɗakin ya cinye yinin duka.

Lissafi take koyarwa. Amma ba da lissafi aka san ta ba, an fi sanin ta da kora. Idan aka kawo mata yaro ba ta fara da maganar kuɗi. Za ta zaunar da shi a benci, ta ba shi aiki, ta zuba masa ido ta ga inda ƙafarsa ke tuntuɓe. Wani jadawalin sau ne bai zauna masa ba, wani kuwa tun ranar da aka koyar da rance a ɗebewa yana kwance da zazzaɓi, daga nan komai ya rikice masa. Nan za ta dafa, ta gyara. Ranar da ta ga yaro ya tsaya da ƙafarsa, sai ta aika a kira uban ko uwar, ta ce, "Ya isa. Ku tafi da abinku." Yara ne suka laƙaba mata Malama Ya-Isa, ta ji, ta yi dariya, sunan ya bi ta.

Lokacin da ta fara, malaman lesin a unguwar ba su da yawa, kowa ya san kowa. Sannu a hankali abin ya zama kasuwa. Yau ko ina ka waiga allon talla ne, a jikin turken lantarki, a bangon shago, a bayan motar haya. Akwai lesin na yamma, na ƙarshen mako, na hutu, na shirin jarrabawa, har da wanda ake yi ta waya, malami na can ɗalibi na nan. Farashi kuwa kullum gaba yake yi. Wanda zai zo gida kuɗinsa daban, wanda za a je wurinsa daban, jarrabawa na matsowa abin na ƙara tsada kamar laima a damina. Iyaye ba laifinsu ba ne. Aji ya cika ya batse, malami ɗaya ba zai iya bin kowane yaro ba, kuma ba uwar da za ta ga ɗan maƙwabciya ya ɗauki jaka ya tafi lesin ta bar nata yana buga ƙwallo hankalinta kwance.

Maƙwabta na ba da labarin wata mai hali da ta zo da mota, da yaron da bai daɗe da barin nono ba, tana so a fara masa lissafi. Malama ta leƙa fuskar yaron, ta ce, "Yaro, me ka fi so?" Ya ce, "Ƙasa." Ta ce, "To Hajiya, kin ji manhajarsa. A kai shi ya yi wasan ƙasa." Matar ta ce ko nawa ne za ta biya. Malama ta ce, "Ƙasar kyauta ce, ga ta nan a ƙofar gida." Matar ta tafi a fusace, ba ta ƙara gaishe ta ba. Harshen Malama kam akwai kaifi, wannan ko masoyanta ba sa musu.

Babbar jarrabawar rayuwarta ta zo ne lokacin da aka buɗe wata cibiyar lesin a bakin titi, bene mai gilashi, da janareto da na'urar sanyi. Mai cibiyar, wanda kowa ke kira Darakta, tsohon ɗalibinta ne, ya zo har gida ya durƙusa ya roƙe ta. Albashin da ya faɗa ya sa maigidanta Kafinta ya ajiye zarto ya ce a maimaita masa. A lokacin babban ɗansu, wanda suke kira Injiniya don tun yana ƙarami ba rediyon da ya tsira daga hannunsa, ya samu gurbi a jami'a, kuma ba su san ta inda za su ɓullo wa kuɗin ba. Ta karɓi aikin. Gida ya ɗan numfasa, Injiniya ya tafi karatu da akwatinsa sabo.

Wata rana wani mai facin taya ya shigo cibiyar da autarsa. Ya wanke hannu iya wankewa amma baƙin taya bai fita daga farcensa ba, ya ƙi zama a kujerar ofis don kada ya ɓata ta. Sakatariya ta jera masa tsare-tsare: na zango ɗaya, na shekara, da na musamman wanda aka ce shi ne na masu son tabbacin nasara. Yarinyar ta faɗi lissafi a jarrabawar gwaji, babbar jarrabawa kuma na tafe. Uban ya zaɓi na musamman, ya ce a ba shi zuwa ƙarshen mako.

Aka tura yarinyar wurin Malama don gwaji. Ta ba ta aiki, yarinya ta yi. Ta ƙara mai wuya, ta yi. Sai Malama ta cire agogonta ta ajiye a kan tebur ta ce, "Wannan kuma kafin dogon hannu ya kai nan." Nan take yarinya ta rikice, ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, har takarda ta huje. Malama ta mayar da agogon aljihu, ta ce, "'Yata, lissafinki lafiya lau yake. Tsoro ne ke cinye miki shi."

Ta fito ta tarar da uban a bakin matakala. Ta ce, "Baban yarinya, ina za ka samo kuɗin nan zuwa ƙarshen mako?"

Ya sunkuyar da kai. "Injin iska zan sayar, Malama. Na riga na samu mai saye."

"To da me za ka riƙa hura taya? Da baki?"

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Zan koma famfon hannu. Ni dai kada ta zama kamar ni."

Malama ta faɗa daga baya cewa a wannan lokacin ta tuna Injiniya, ta tuna albashi. Da ta yi shiru ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Amma ta ce, "Kada ka sayar. 'Yarka ba ta bukatar shekara, ba ta bukatar na musamman. 'Yan makonni za ta yi tana aiki da agogo a gabanta har ta saba da shi. Ka biya mafi ƙaranci, ya ishe ta."

Sakatariya na jin su. Kafin a tashi aiki Darakta ya kira ta ofis, ya rufe ƙofa, ya miƙe tsaye don girmamawa.

"Malama, ke uwa ce a gare ni. Amma ki duba, hayar benen nan a kaina take, da man janareto, da albashin malamai. In kowane yaro za a ce masa ya isa, ni da me zan riƙe wurin?"

"Da waɗanda ba su isa ba. Ai suna da yawa."

"Idan kiɗa ya canza, Malama, rawa ma canzawa take. Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Ki bar maganar kuɗi ga ofis, ke ki tsaya a allo."

"Ɗana, ban ce kai azzalumi ba ne, na san nauyin da ke kanka. Amma mutumin nan idona ya kalla ya tambaye ni da zuciyarsa. In na yi shiru gobe ma zan yi, jibi kuma ba zan ma ji komai ba. Ba na so in kai wannan ranar."

Ba kora ya yi mata ba, ita ma ba ta yi zuciya ba. Ta ƙarasa watan, ta ɗauki gwangwanin murafunta ta koma ɗakin katako. Kafinta ya saurari labarin yana goge wata ƙofa da sanfefa, can ya ce, "Wato ke a duniyar nan kowa na korar ɗalibi don bai biya ba, ke kina kora don zai biya." Ya tashi ya gyara ƙafar bencin da ta karye.

Ba a nan wuyar take ba. Da zangon karatu ya zagayo kuɗin Injiniya bai haɗu ba, dole ya ajiye karatu na shekara guda ya dawo gida yana taya ubansa riƙe katako. Abokansa suka wuce shi. Ya daɗe gaisuwa kawai ke haɗa shi da uwarsa. Ranar da ya fashe, cewa ya yi, "Mama, kin ceci injin wani, kin bar ɗanki a ƙasa." Ƙanwar Malama ce ta ga ta shiga ɗakin lesin ta rufe ƙofa, ba yaro ko ɗaya a ciki, ta jima kafin ta fito da jajayen idanu. Injiniya ya koma ya gama karatunsa, yanzu yana da aikinsa da iyalinsa. Ya huce, amma bai taɓa cewa ta yi daidai ba, ita ma ba ta taɓa neman ya faɗa ba.

Autar mai faci kuwa a ɗakin katako ta yi makonninta, agogo a gabanta kullum, har ta kai tana yi masa gwalo. Ta ci lissafi, ba ta zo ta ɗaya ba, amma ta wuce da kyau, yau tana aikin jinya. Uban na nan a bakin titi, injinsa na ta ruri.

Ba kullum hukuncin Malama ke faɗawa daidai ba. Akwai yaron wata mai kitso da ta sallama da wuri, ya je ya faɗi. Da labari ya zo mata ba ta jira a kawo ƙara ba, ta yafa mayafi ta tafi gidan, ta ce wa uwar a gaban masu jiran kitso, "Ni na yi gaggawa, ba laifin yaro ba ne. Ki ba ni shi." Ta riƙe shi har ya zagayo ya ci.

Malama, ke ce kika nuna mana cewa ana iya cin abinci da alli ba tare da an mayar da iyaye saniyar tatsa ba. Ba kyauta kika yi aiki ba, kin karɓi haƙƙin guminki, kuma kin cancanci fiye da haka. Abin da kika ƙi karɓa shi ne kuɗin tsoro, kuɗin uban da ya firgita ya rasa wanda zai gaya masa gaskiya. Uwar masu tuntuɓe, mai tayarwa ta saki hannu. Kin biya farashin wannan hali daga cikin gidanki, kuma mun sani.

Yanzu idanu sun yi rauni. Lambobin da ke kan allo sun fara haɗe mata, gwiwa ma ta ƙi tsayuwa, 'ya'yanta suka taru suka ce ta huta. A ranar da ta yi darasin ƙarshe ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Yara sun watse, tana tattara alli, sai ga wata matashiyar malama daga cibiyar Darakta ta yi sallama. Ta ce shi ne ya turo ta, ya ce ta zo ta tambayi abin da shi bai tsaya ya koya ba.

"Mama, ta yaya kike gane yaro ya kai a sallame shi? Ni in ya ci gwaji sai in ji tsoro ko sa'a ce."

Malama ta zauna a benci, ta miƙe ƙafa. "Ba cin gwaji nake dubawa ba, 'yata. Ki bar shi ya yi kuskure, ki kame bakinki. Ranar da kika ga ya tsaya, ya ɓata fuska, ya koma baya da kansa ya gano inda ya kauce kafin ki ce uffan, to ya samu malamin da ya fi ki. Wannan malamin tare za su shiga ɗakin jarrabawa, ke kuwa a waje za a bar ki."

Mun gode, Malama. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya, ya sanyaya miki idanu, ya albarkaci gidan da ya jure tare da ke. Ku kuma malaman lesin da kuka cika gari, ba wanda ya hana ku neman halalinku, sana'a ce mai daraja. Amma idan uba ya tsaya a gabanku da baƙin aiki a farcensa ya ce me ɗansa ke bukata, ku gaya masa iya abin da yaron ke bukata, ko da ya yi ƙasa da abin da kuke sayarwa.