Baba da Ƙofar Madafa

Shekarar da ciwon gwiwa ya raba Baba da rumfarsa ta atamfa a babbar kasuwar Garwa, gidanmu ya ga ta kansa. Mutumin da ya saba ciniki tun safe har la'asar, yanzu ga shi zaune a zaure yana kallon bango. A lokacin ina koyarwa a Maruwa, na zo hutu.

Maƙwabcinmu kafinta ne, mutumin duwatsun Mokolo. Da zai tafi gida girbi, sai ya kawo akwatin kayan aikinsa ajiya wurin Baba. Ya buɗe yana nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Ga guduma ta buga ƙusa, ga zarto na yanka katako, ga kurfi na sassaƙa rami, ga filaya ta cire ƙusar da ta lanƙwashe. Abin da Baba ke kira sukudireba shi turnebis yake ce masa. Sai ya ɗago wani ƙarfe mai mariƙin katako.

"Wannan na kankare katako ne, Alhaji, ya yi sumul. Sunansa rabo."

"Rabo?" in ji Baba. "Ai kuwa ya zo inda ya dace."

Maƙwabci bai kai tasha ba Baba ya fara zagaya gida yana neman abin da ya lalace. Ya samu ƙofar madafa, wadda ƙasanta ke gogar siminti, sai an sa mata kafaɗa take buɗewa.

Inna ta ce, "Malam, ka bar ta mana, mun saba da ita."

"Sabo da wahala ba ibada ba ne," ya ce, ya aike ni in ɗauko turnebis.

Muka kwance ƙofar, muka kwantar da ita a kan turame biyu a tsakar gida. Baba ya naɗe hannun riga, ya kama rabo. Gaskiya hannunsa ya faɗa da wuri. Katako ya riƙa fitowa a nannaɗe kamar taliya, kaji suna bi suna tsattsaga. Muka mayar da ƙofa, ya tura. Ta yi ƙara kamar jiya.

"Bai isa ba," ya ce.

Muka sake kwancewa. Zafin Garwa ya taso, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya kankare har ya tara tsibi. Muka mayar. Ƙofa ta ce ba ta san zance ba. A nan ransa ya ɓaci, ya ajiye rabo ya ce in miƙo zarto. Ya yanke wajen faɗin tafin hannu.

Da muka ɗaura ta wannan karon, sai rana ta faɗo cikin madafa ta saman ƙofar, ta haske fuskar Inna da ke tuƙa tuwo. Ƙasan kuwa yana nan yana gogar siminti. Ashe duk lokacin da muka kwantar da ita, kan ƙofar ne ke fuskantar Baba.

Inna ta ɗaga kai ta dubi hasken, ta dubi Baba.

"Tun ɗazu na gani," ta ce.

"Kika yi shiru?"

"Malam, ka taɓa jin an yi wa mai zarto a hannu gyara?"

Na shige ɗaki na toshe baki da filo.

Bayan la'asar Baba ya koma shi kaɗai, ya daɗe yana duban ƙofar. Can ya lura hinjin sama, ƙarfen da ke riƙe ƙofar a jikin bango, ya saki, shi ya sa ta sunkuya. Ya ɗaure sukurorin da turnebis, ta buɗe salin-alin. Ya kira mu duka mu zo mu gani, har da matar maƙwabci, kowa sai da ya tura ta da yatsa ɗaya.

Da kafinta ya dawo ya ga giɓin, ya ce zai liƙa katako a wurin. Inna ta hana, ta ce tunda take a gidan hayaƙi bai taɓa samun hanyar fita irin wannan ba. Baba ya gyara zama ya ce dama abin da ya nufa ke nan. Washegari ya hau bayan mashin zuwa kasuwa, ya dawo da nasa zarton, Inna kuwa ta sa aka kulle ɗakinta.