Rakiyar Maikano Tafinta

Ina cikin takabar Malam Dabo, Allah ya jiƙansa, rijiyar gidanmu ta rufta. Ba ni da halin fita, 'ya'yana kuwa duk mata ne, kowacce tana ɗakinta. Wata rana da hantsi na ji ana gangaro wani abu mai ƙara a ƙofar gida. Ashe maƙwabcinmu ne Isyaku ya turo wani tsohon duro daga wurin aikinsu. Ya wanke shi da toka har warin mai ya fita, ya kafa shi a zaure, ya roƙi direban tankar ruwa ya riƙa cika mini in ya zo wucewa. Bai tsaya na yi godiya ba, sai ta bakin matarsa Indo na ji yadda aka yi.

Isyaku mutumin Darki ne. Tun yana saurayi ya bar noma ya tafi birni, ya yi aikin kuku a gidajen Turawa, shi ya sa da ya dawo kowa ke ce masa Maikano. A can ya tsinci Turanci da kunne, ko baƙi ɗaya bai iya rubutawa ba. Gajere ne mai saurin tafiya, kuma in zai faɗi magana mai nauyi sai ya shafa kunnensa tukuna. Bayan yaƙi, lokacin da kuɗin mai suka shigo aka koma kashe naira, wani kamfani ya zo aikin hanya ta wajenmu, suka ɗauke shi tafinta. Nan ya samu gida jikin namu a Sabon Gari. Katangarmu gajera ce, ni da Indo ta samanta muke miƙa wa juna gishiri da labari.

Aikinsa shi ne Bature ya faɗa, shi ya mayar wa leburori da Hausa. A haƙa nan, a zuba tsakuwa can, duk wannan bai dame shi ba. Abin da ke hana shi cin tuwo shi ne ranar da za a cire mutum daga aiki. Ya ce Baturen da ke kan leburori ba ya taɓa faɗin abin kai tsaye. Yau ya ce a ba wane buhu, gobe ya ce a ba shi takalmi, wata rana ya ce a nuna masa ƙofa, alhali a filin nan ko rumfa babu balle ƙofa. Indo ta ce ai in ana rabon buhu da takalmi, ita ma a sa sunanta. Muka yi ta dariya, shi kam murmushi kawai ya yi.

Akwai wani tsohon makanike a cikinsu, fari ne amma ba ɗan Ingila ba, ya ce ƙasarsu Latbiya, can wajen sanyi. Shi ya gaya wa Maikano cewa a wajensu in an cire mutum sai a ce an ba shi fasfon kyarkeci, wato ya kama daji, ba gidan da zai buɗe masa. Maikano ya ce duk a cikin maganganun wannan ce ba ta ɓoye komai ba, kuma ita ta fi ba shi tsoro.

Shi dai ya ƙi kalmar kora. Na ji shi da kunnena yana ce wa Indo kaji ake kora daga kan shanya, mutum kuwa sallamarsa ake yi. Wanda aka sallama kuma baƙo ne, baƙo ana yi masa rakiya. Saboda haka in Bature ya nuna mutum, sai Maikano ya ja shi bayan tarin tsakuwa inda ba kowa, ya shafa kunne, ya gaya masa a hankali. Ya ba shi goro daga aljihunsa, ya ɗaukar masa kwanon abinci, su jera har bakin gada, sannan ya yi masa addu'a ya juyo. Nufinsa kada mutum ya fita shi kaɗai idon jama'a a kansa.

To, ga inda abin ya juye masa. Ba a daɗe ba kowa ya gane rakiyar. Masunta a bakin kogi, mata masu tallar nono, 'yan kasuwa, duk wanda ya hango Maikano riƙe da kwanon wani ya san abin da ya faru, labari ya riga mutum isa gida. Aka fara tsokana, in an ga biyu sun jera sai a ce wanne ne Maikano a cikinku. Tsokana ta zama gaske. Ranar Juma'a maza sukan yi jinkiri a ƙofar gida har ya yi nisa, don kada a gan su kafaɗa da kafaɗa da shi. Ta zauren gidana nakan hango shi yana tafiya masallaci shi kaɗai, da darduma a hammata, yana rage sauri ko wani zai cim masa.

Da aikin hanya ya kusa ƙarewa aka sallami mutane da yawa a lokaci guda, tsakiyar damina. Cikinsu har da ƙanena Auta, wanda ya bar gonarsa a Dagumawa ba shuka saboda albashi. Auta da kansa ya ba ni labari. Ya ce Maikano ya miƙo goro, shi kuwa ya mayar da hannunsa baya.

Ya ce masa, "Riƙe goronka, Maikano. Bature ya ce buhu, kai ka ce sallama, ni dai gida zan koma na tarar da ciyawa. Kuma don Allah kada ka biyo ni."

Bai bi shi ba. Daga ranar ma ya daina rakiyar, amma hakan bai sauya komai ba. Wasu suka ce shi ke raɗa wa Bature sunayen waɗanda za a cire. Ni ban gani ba, kuma ban yarda ba, amma mai jin yunwa ba a iya yi masa musu. Mata suka daina aiko aron rariya gidan Indo. Aka yi biki a layinmu ba a kai mata goron gayya ba, ga ta da tsohon ciki.

Da kamfanin ya tashi, shi ma aka sallame shi. 'Yan'uwansa suka ce ya koma Darki ko birni, ya ce a'a, in ya tafi maganar ta tabbata ke nan. Ya koma kasuwar shanu yana yi wa fataken kudu tafinta, a nan ya ƙare rayuwarsa, Allah ya yi masa rahama. Wasu sun dawo suna gaisawa da shi, wasu har suka mutu ba su dawo ba.

Abin da ya fara sassauta lamarin shi ne sunan 'yarsa Rabi'atu. Na wuni a gidan tun safe. Har hantsi daga ni sai dangin Indo, daga baya mata suka fara leƙowa ɗaya-ɗaya, wata ta shigo, wata ta juya. Auta ya daɗe bai tako gidana ba saboda wannan wunin, ni kuwa ban yi nadama ba.

Ana jibi sunan ne Maikano ya yi sallama a zaurena bayan la'asar. Na tsaya daga ciki muka gaisa, ya tambayi jikina da yara. Ko ban gan shi ba na san kunnen yake shafawa.

Ya ce, "Yaya Hansai, na san da bakina aka sallami Auta, in kin ƙi ba zan ga laifinki ba. Indo tana tsoron a yi suna tsakar gida ba kowa. Ba aiki za ki yi ba, ba na son ki taɓa ko muciya. Ki zo dai ki shimfiɗa tabarma saitin ƙofa, inda duk macen da ta leƙo za ta gan ki a zaune."