Gumbar da Na Cura

Inna ta rasu cikin bazarar shekarar korona, ana saura ƴan kwanaki a ɗauki azumi. Ta je Damagaram barkar haihuwar ƙanwarta, ta dawo Tanut da tari da zazzaɓi, cikin kwana shida numfashi ya gagare ta. A gidan likita ta cika. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce duk alamun na cutar ne, don haka ba a kawo mana ita gida ba. Wasu mata biyu masu safar hannu suka shirya ta can, Baba da maza ƙalilan suka sallace ta, kowa nesa da kowa. Ni da na yi jinyarta, ni da nake tallafe mata kai in tari ya sarƙe ta, ko likkafaninta ban gani ba.

Aka ce mu zauna gida kwana goma sha huɗu. A da, in an yi rasuwa a unguwarmu, kafin maza su dawo daga maƙabarta tsakar gida ya cika da mata, takalma jibge a bakin zaure, ba ka ma samun wurin da za ka yi kukanka kai kaɗai. Wannan karon Baba ne kawai a kan tabarmar ƙofar gida. Mutum ya tsaya daga tsallaken hanya ya ɗaga murya, "Ya haƙuri, malam?" Baba ya amsa, mutumin ya shafa fatiha ya wuce.

Rana ta biyu Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ta ce, "Gobe uku. A auno gero."

Na ce, "Gwaggo, an hana fa. Gumba da hannu ake curawa, cutar nan kuwa hannu take bi."

"Ke ƴar lakkol mai karatun boko, saurara. An hana ni wanke ta, na yi shiru. An hana ni ganin fuskarta, na yi shiru. Yanzu kuma sadakarta za ki hana? Wa ya taɓa mutuwa a gidan nan aka bar shi ba gumba?"

Sanyin ƙashi ya daɗe da lanƙwasa yatsun Gwaggo, ko taɓarya ba ta iya riƙewa. Aikin da mata biyar ke taruwa su yi, ni kaɗai na yi shi: na surfa, na wanke, na daka, na tankaɗe. Ban taɓa jin ƙarar taɓarya ɗaya tak a gidan makoki ba sai ranar. Kafin in fara curi na wanke hannu da sabulu, na sake da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta har fatar ta yi fari, na ɗaure hanci da baki da kallabi. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, tun da safe maƙogwarona ke yi mini ƙaiƙayi. Na ce wa kaina ƙurar gero ce.

Na jera curin a faifai na ajiye a ƙofar gida. Ba wanda ya taɓa. Masu wucewa su kalli faifan, su ce Allah ya jiƙanta, su ƙara sauri. Gwaggo na leƙowa tana komawa, ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji a raina.

Bayan la'asar sai ga Iya. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ta raba mu. Mutanen wajen Tenhya ne, sun shigo gari tun shekarar da dabbobinsu suka ƙare, ita kuma ta riƙe ƴan awakinta tana sayar da nono. Da sandarta ta shigo har cikin zaure, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wannan wace ce ta naɗe baki kamar Buzu a gaban surukinsa?"

"Iya, don Allah ki koma. Kada ki ci, ni na cura."

"To da wa zai cura, akuya? Uwarki ta ci gumbar mijina, ta ci ta ɗana. Ni ce zan ƙi tata? Miƙo nan."

Ban miƙa ba, da kanta ta ɗauka. Ta zauna a tabarmar da ba baƙon da ya zauna a kai, ta gutsura, ta tauna da ƴan haƙoranta. "Kin yi rowar sukari," in ji ta. "Ba ni ruwa in kora." Na durƙusa kusa da ita na ba ta. Sannan ta ɗaga hannu ta yi wa Inna addu'a mai tsawo, tana ambaton alherinta ɗaya bayan ɗaya. A nan Gwaggo ta fashe da kukan da ta riƙe kwana uku. Maganar maƙogwaro tana bakina, wallahi tana bakina, na haɗiye ta.

Washegari zazzaɓi ya rufe ni. Kwana biyu ya yi ya sake ni, amma tun daga nan kunnena ya koma jikin katanga. Kowace safiya sai na ji Iya tana zagin awakinta sannan nake iya karyawa. Na riƙa lissafin kwanaki kamar yadda aka koya mana a rediyo. Shida, bakwai, takwas. Ran na tara ban ji zagin ba, tari na ji, irin busasshen nan da na sani. Azumi ya riga ya kama, aka yi aka yi ta sha ruwa ta ƙi. Kwana biyar ta yi ta cika.

Wasu sun ce tsufa ne da zafin rana. Wasu sun ce ai kullum tana kasuwa cikin mutane. Ba a gwada ta ba, ba wanda ya sani. Daga baya na ji an ce cutar ta fi bin numfashi, ba abinci ba, sai dai hakan bai sanyaya mini ba, don na san iya kusancin da na yi da ita lokacin da na miƙa mata ruwa.

Kwanakin kullenmu sun cika, Gwaggo ta ce in shiga in yi gaisuwa. Jikar Iya, wadda ta yi jinyarta, ƙawata ce tun ajin farko, benci ɗaya muka zauna har kolej. Tana gani na ta taso da kuka ta buɗe hannuwa za ta rungume ni. Na ja da baya. Na cusa hannuwana cikin hijabi, don a raina su ne masu dafin. Ta tsaya cak.

"Mu kike gudu?" in ji ta. "Kakata ta shiga gidanku ranar da kowa ya guje ku."

Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai "Allah ya jiƙanta."

Har yau in mun haɗu a bakin famfo tana amsa gaisuwata, amma ba ta tsayawa. A wurinta ni ce wadda ta ƙyamaci gidansu. Sau da yawa na je har bakin zaurensu da niyyar in faɗa mata gaskiya, sai in tuna wace gaskiyar ce, ƙafafuna su ƙi shiga.