Kubar Ɗakin Kakanmu

Na diro ƙauyenmu Durun da murnata, an gama jarabawa, yatsuna na ta zuba wa 'yan ajinmu surutu a waya. Ina shiga gida sai na ji ƙarar guduma. Kafinta ne yake cire kubar ɗakin marigayi kakanmu, inda yanzu ake ajiye hatsi, Kawu na tsaye a kansa.

Tun zamanin Turawa tsohon ya sayo ta a Gwarzo, shekarar da ya fara kai gyaɗa kanti. Duk Juma'a sai ya tsoma gashin kaza a man gyaɗa ya shafa mata, hannunsa ya wuni yana ƙanshi. Ranar da ya koya min buɗe ta cewa ya yi, "Ɗaga ƙofar da gwiwa, ja'iri, sannan ka murɗa. Ba ta son gaggawa."

Na ce, "Kawu, don Allah ku dakata, wallahi ƙalau take. Ni na iya ta."

Kawu ya ce, "Kai da kake Kano? In ka koma wa zai riƙa buɗe mana?"

Notin ƙarshe ya ƙi fita, kafinta ya sa ƙarfi, katakon ƙofar ya tsage.

Allah ya jiƙan tsoho, ya yalwata masa makwanci.