Marmitar Saley

Mutanen unguwar Tayuri da ke garin Sabha sukan ji Saley ɗan Tanut kafin su gan shi, domin motarsa ce take yi masa sallama. Tsohuwar Fijo ce mai buɗaɗɗen baya, salansarta ta ruɓe tun ba yau ba, an ɗaure ta da waya, an toshe ramukan da gwangwanin tumatir. In ta taso daga lambunan Samnu da lodin albasa, tun tana kan kwalta awakin unguwa suke watsewa, masu barcin rana su tashi suna tsaki. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tsaki ba, matarsa Rahamatou. Da ta jiyo rugugin daga nesa sai ta zuba ruwa a buta, ta sauke abinci, ta zare sakatar ƙofa.

Shi kuwa mai motar, Allah bai yi shi don zama ba. In ana shan shayi ƙafarsa rawa take yi, kofi na biyu a tsaye yake sha, na uku sai dai wani ya shanye masa. Ya baro gida a shekarun da Libiya ta juyo da fuskarta kudu, rediyo kullum yana faɗin Afirka gida ɗaya ce, kowa ya shigo ya nemi abinsa. Ya yi Agadas, ya yi Dirku, ya yi Gatrun, kuma ko'ina halinsa ɗaya: ba ya ban kwana. Ba mugunta ba ce, shi dai ba ya iya duban idon mutum ya ce masa zan tafi. Sai dai a wayi gari a ga tabarmarsa a naɗe.

Sabha ma hanya ce a wurinsa, niyyarsa Tarabulus, bakin teku, daga nan abin da Allah ya yi. Ya tsaya cin shinkafa da wake a rumfar wata tsohuwa 'yar Damagaram, ya ga 'yar ɗan'uwanta Rahamatou tana zuba miya, ya ƙara faranti, washegari ya dawo, kafin ya farga an shafa fatiha. Maƙwabcinsa Barka, tsohon direban sahara ɗan ƙabilar Tubu, da idonsa ya fara gazawa sai ya danƙa masa Fijon. Shekaru suka yi ta wucewa, amma Saley bai yarda ya zauna ba. Jakarsa tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, kullum a ɗaure. Bai sayi gado ba, bai sayi komai da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba. In Rahamatou ta yi maganar babbar tukunya, don tata ƙarama ce, ko baƙi biyu aka yi sai ta aro ta maƙwabciyarta Aïssa, amsarsa ɗaya ce: "Ke dai bari, mu fa a hanya muke."

To, sai ga wani ɗan kasuwa Balibiye mai suna Zuhair ya zo masa da magana. Yana neman mota da direba a Tarabulus, aikin zama can, ba je-ka-dawo ba, kuma kaya za su tashi ranar Asabar da asuba. Sharaɗinsa ɗaya ne, a kashe ƙarar nan, don motar da take ruri haka ba bawaba, wato shingen 'yan sanda, da za ta wuce ba a sauke direban an zazzage takardunsa ba. Saley ya amsa tun kafin mutumin ya rufe baki. Game da Rahamatou kuwa, ya ce wa kansa in ya isa zai aiko a ɗauke ta, ya kuma ce zai faɗa mata gobe. Goben ta zo, ya ƙara wata goben. A can ƙasan ransa ya san motar da ba ta ƙara za ta iya fita daga Tayuri ba wanda ya farka, kuma bai so ya daɗe yana duban wannan tunanin ba.

Ranar Laraba da yamma yana tsaye a ƙofar gida da Barka, suna magana rabi Hausa rabi Larabci. Ya ce, "Baba Barka, gobe zan sayo marmita. Sabuwa dal, babba, mai ƙwari, wadda za ta daɗe."

Mutanen Libiya marmita suke ce wa salansa, kalmar da Italiyawa suka bar musu. Rahamatou kuwa tana bayan katanga tana tsince shinkafa, ita ba ta taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, kuma a Damagaram in an ce marmit to tukunyar ƙarfe ake nufi. Babba, mai ƙwari, wadda za ta daɗe! Ai mutumin da ya sayi irin wannan ya sauke jakarsa ke nan. Daɗi ya kama ta har ta zubar da rabin shinkafar. Ranar ta yi masa miyar kuka da busasshen nama, tana ta dariya ba dalili, shi kuma yana ci yana satar kallonta.

Da hantsi ranar Alhamis ya dawo daga shagon kayan mota da wani dogon abu naɗe a kwali. Ya tarar an share tsakar gida, an kafa sababbin duwatsun murhu manya-manya, ga itace an tara. Aïssa tana ganinsa ta rangaɗa guɗa.

"Maigida, sannu da hanya," in ji Rahamatou, tana leƙen bayan motar. "Ina marmit ɗin?"

"Ga ta nan," ya ce, ya yaye kwalin. Dogon bututu ne mai sheƙi, da tulun ƙarfe a tsakiya.

Aïssa ta dubi abin, ta dubi duwatsun murhu, sai ta zube a ƙasa tana dariya har da hawaye. "Rahamatou, ta wace kafa za ki zuba shinkafar, ta gaba ko ta baya?" Barka ma da ya gane inda aka yi ɓatan kai ya yi ta ƙyaƙyatawa yana dukan cinya. Rahamatou ta taya su, don ba ta son a ga kunyarta, sannan ta tambayi tsohon, "Baba, to ita wannan me take dafawa?"

"Shi ba ya dafa," in ji Barka da Hausarsa ta kasuwa. "Shi ya kashe ƙara. Mota ya tafi shiru, shiru, ko mai barci ba ya ji."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ba ta dubi mijinta ba, ƙofar ɗaki ta duba, inda jakar take rataye. Ta sunkuya ta ɗebe duwatsun ɗaya bayan ɗaya ta mayar gindin katanga, ta shiga ciki. Saley ya sha jinin jikinsa, amma maimakon ya bi ta sai ya ɗauko shebur.

Ba shi da ramin gareji, don haka ya haƙa nasa a cikin yashin ƙofar gida, ya hau da motar kan bulo, ya shige ƙarƙashi a rigingine. Aikin ya zo masa daidai, tunda hannu yana motsi kai ba ya tunani. Wayoyin da suka riƙe tsohuwar salansar ya warware, tsatsa tana zubo masa a ido. Notinan bakin inji sun kafe kamar an haife su a wurin. Ya zuba musu kananzir, Barka ya ce ya jira su jiƙa, shi kuwa ina ya ga haƙurin jira? Ya fito, ya zagaya motar, ya koma, ya sa ƙarfi, ɗaya ya karye, sifana ta kuɓuce ta ɓare masa fatar yatsa. Ya yi ashar da Larabci don kada a ji a cikin gida.

"Kai yana sauri kamar an kore shi," in ji Barka, yana tsugune a inuwa yana miƙo masa zarto.

Da tsohuwar ta faɗo sai wata matsalar ta taso. Sabuwar ba ta Fijo ba ce, irin wadda ake ƙera wa kowace mota ce, mai shagon ya rantse za ta shiga, kuma ba ta shiga ba. Bakinta ya fi na injin faɗi, jelarta ta zarce har tana dukan ƙarfen baya. Ya yanke jelar da zarto, ya naɗa fallen gwangwani a bakin har ya cike, ya matse da maɗauri. Robobin rataya ba su zo a kwalin ba, ya yanko daga tsohon tib na taya. Aka kira azahar ya yi salla da baƙin mai a gwiwar hannu, ya koma rami. Abinci ya fito a hannun Aïssa, ba a hannun matarsa ba, ya ci loma biyu a tsaye ya ture. Duk lokacin da ya juya kai ta ƙarƙashin motar yana hango labulen ɗakin, labulen kuwa bai motsa ba.

Bayan la'asar ya sauke motar ya murɗa makulli. Sai da ya dubi allurar da ke gaban sitiyari kafin ya yarda injin ya tashi. Wani ɗan gurnani ne kawai, kamar mage a cinya. Barka ya ɗaga hannu sama ya ce masha Allahu. Saley ya ja ta ya fita gwaji, ya bi ta unguwar Sukra, ya wuce wani allo mai taswirar Afirka a shataletale, ya hau titin arewa. A bawabar bakin gari ɗan sandan da kullum yake tsayar da shi ko ɗaga kai bai yi ba. Titi ya miƙe a gabansa fetal, tanki da mai, ƙafarsa tana ƙaiƙayi a kan totur, zuciyarsa tana ce masa me ma zai sa a jira Asabar? Ya yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya tuna jakarsa tana gida, ya juyo.

Ya shigo Tayuri rana tana shirin faɗuwa. Awaki suna kwance a tsakiyar hanya, sai da ya yi musu hon. A ƙofar gidansa ba buta, ƙofa kuma a sakace. Tunda ya auri Rahamatou bai taɓa tarar da ƙofar nan a rufe ba. Ya kashe mota, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya ji muryarta ta bayan katanga, tana magana da Aïssa, ba ta san ya dawo ba.

"Ba tukunyar ce ta dame ni ba, Yaya Aïssa. Na san wanda na aura. Ya bar uwarsa ba sallama, ni ce zai yi wa? Amma da, ina barcina da daɗi, don na san motar nan ba za ta tashi ban ji ba. Ko ba zan iya hana shi ba, zan fito in ga ƙeyarsa, in ce Allah ya kiyaye hanya. Yanzu ko wannan ya ƙwace min. Daga yau kuma ba ni ba barci."

Ba kuka take yi ba, a hankali take faɗa, kamar mai ba da labarin wata. Wannan ne ya fi yi masa ciwo. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya sauke hannunsa. Shi da ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya, ya tsaya a ƙofar gidansa kamar baƙo, har ladan ya fara gyaran murya.

Sannan ya buɗe akwatin kayan aiki ya ɗauko guduma da babbar ƙusa, ya kwanta a yashi, ya laluba tulun sabuwar marmitar, yana da zafi har yana ƙona masa yatsu. Ya kafa ƙusar ya doka. Ya matsa gaba ya sake dokawa, ya ƙara, ya karkaɗa ƙusar don ramukan su buɗe. Barka da ya fito alwala ya ji bugun, ya matso yana ƙifta ido.

"Kai ya haukace? Sabo ne!"

Saley ya ajiye gudumar, ya fito daga ƙarƙashi. Ya shiga ya tayar da motar, ya taka totur. Ta yi wani ruri da ya fi na da muni, awaki suka watse, wani ya leƙo ta taga yana tsinuwa. Sai ga ƙarar sakata. Rahamatou ta fito da buta a hannu, don hannun ya riga ta tunani, ta tsaya tana duban hayaƙin da yake fita ta ƙarƙashin mota.

"Maigida, me ka yi mata?"

"Na fasa ta," ya ce, idonsa a kan sitiyari.

"Tafiyar fa?"

Bai taɓa gaya mata akwai tafiya ba. Ya ɗago ya dube ta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a irin wannan magana. Ƙafarsa tana ta rawa a kan totur, motar tana amsawa.

"Ita ma na fasa. Ban ce miki ƙafar nan ta warke ba, Rahamatou. Amma duk ranar da za ta ɗauke ni, sai kin ji."

Ta ajiye masa butar a gefen taya, ta ce ya kashe wannan masifar ya zo ya yi alwala, magariba tana wucewa.